Darasi: Wa Ke da Wannan Fayil? Mallaka a Kwamfuta Mai Babbar Manhaja Fiye da Ɗaya

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ga kwamfuta ɗaya ɗauke da manyan manhajoji biyu ko uku. Windows na nan don aikin ofis, Ubuntu don koyon rubuta manhaja, wataƙila kuma an ƙara Fedora don gwaji. Da an kunna ta, allon zaɓi na GRUB ya bayyana, mai ita ya zaɓi wadda zai shiga. Galibi irin wannan mutum yakan ware wani ɓangare na faifan ajiya inda yake tara takardu da hotuna, don ya riƙa samunsu ko ta wace ƙofa ya shiga.

Daga nan ne rigimar ke tashi. Jiya ya rubuta wasiƙa a Ubuntu ya ajiye ta a wancan ɓangaren. Yau ya shiga ta Fedora zai yi mata gyara, sai ga alamar kwaɗo a jikin fayil ɗin, kwamfuta ta ce ba shi da izinin taɓa shi. Ya duba wurin da ake nuna mai fayil, sai ya ga sunan wani, ko ya ga tsurar lamba, ko ya ga root. Abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ƙwayar cutar kwamfuta, ko kuma wani ya yi masa kutse. Mafi yawan lokuta babu ko ɗaya, kuma fayil ɗin yana nan yadda aka bar shi jiya. Mai karanta shi ne ya canza.

Lamba ake rubutawa a jikin fayil

Tun daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs na Amurka a 1969, aka tsara cewa kwamfuta ɗaya mutane da yawa za su yi tarayya a kanta, saboda haka dole kowane fayil ya zama da mai shi. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, ya gaji wannan tsari, haka ma macOS na kamfanin Apple. Sai dai abin da ake rubutawa a faifai ba sunan mutum ba ne. Lambobi biyu ne: lambar mai fayil, wadda ake kira UID, da lambar rukuninsa, wadda ake kira GID. Sunayen suna wani wuri dabam, a cikin wani ɗan fayil mai suna /etc/passwd, kuma kowace babbar manhaja tana da nata.

Ga yadda layi ɗaya na wannan rajista yake, ga asusun da aka sa wa suna malam:

malam:x:1000:1000::/home/malam:/bin/bash

Lamba ta farko tasa ce, ta biyu ta rukuninsa. Idan aka buɗe tagar umarni aka rubuta ls -l, kwamfuta za ta ɗauki lambar da ke jikin kowane fayil, ta duba rajista, ta nuna sunan da ya yi daidai da ita:

-rw-r--r-- 1 malam malam 24576 wasika.odt

Idan kuwa aka rubuta ls -n, sai ta nuna abin da ke rubuce a faifai ba tare da ado ba:

-rw-r--r-- 1 1000 1000 24576 wasika.odt

Haruffan farkon layin su ne izini. Na farko, rw-, na mai fayil ne: ya karanta, ya rubuta. Na biyu da na uku, r-- da r--, na 'yan rukuni ne da sauran jama'a: su karanta kawai. Ke nan duk wanda lambarsa ba 1000 ba ce zai iya buɗe wasiƙar, amma ba zai iya gyara ko da waƙafi ɗaya ba.

Wanda ya taɓa zana jarrabawa da lamba maimakon suna zai gane lamarin nan take. Takarda mai lamba 12 ta wani ɗalibi ce a rajistar aji ɗaya. A kai ta wani ajin, a duba tasu rajistar, lamba 12 wani ne dabam, ko ma babu kowa a kanta. Ba a goge komai a takardar ba.

Yadda lambobin ke saɓawa

Debian da Ubuntu da Linux Mint suna ba asusun farko da aka buɗe lamba 1000, na biyu 1001, haka har gaba. Lamba 0 kuwa ta root ce a ko'ina, wato asusun da babu ƙofar da ke rufe gare shi. Idan mutum ɗaya ne ke amfani da kwamfutar, kuma shi ne asusun farko a kowace manhaja, da wuya ya ga matsala, ko da sunayen sun bambanta, tunda lambar ɗaya ce.

Amma a ɗauki kwamfutar wata makaranta da mutum biyu ke aiki da ita. A Ubuntu an fara buɗe asusun malam, sannan na sakatare. Da aka zo sa Fedora, sakataren ne ya zauna ya yi aikin, ya fara buɗe nasa. Yanzu 1000 malam ne a Ubuntu, sakatare ne a Fedora. Duk takardun sakamakon jarrabawa da malam ya ajiye, da an shiga ta Fedora za su fito da sunan sakatare, kuma shi ke da ikon gyara su ko goge su. Malam kuwa ya zama baƙo a kan aikin hannunsa. Wannan ya fi fitowar tsurar lamba haɗari, domin kwamfuta ba ta yin wani ƙorafi. A wurinta komai daidai yake.

Akwai kuma saɓani na tarihi. Fedora ta daɗe tana fara ƙirga daga 500, sai a Fedora 16, a 2011, ta koma 1000. Red Hat da CentOS sun ci gaba da 500 har fitowar siga ta 7 a 2014. Wanda ya ciro tsohon faifai daga kwamfuta mai CentOS 6 ya jona shi da Ubuntu zai ga fayiloli da lamba 500 a gurbin suna, don babu mai wannan lamba a rajistar Ubuntu. Kwamfutocin Mac suna ba asusun farko 501, a rukunin staff mai lamba 20.

Ba mutane kaɗai ke da asusu ba. Manhajojin da ke aiki a bayan fage su ma suna da nasu. Mai kula da shafin intanet a Debian da Ubuntu sunansa www-data, lambarsa 33, alhali a Fedora sunansa apache, lambarsa 48. Wasu irin waɗannan asusun ma ba su da tsayayyiyar lamba: ana raba musu daga cikin lambobin da ke ƙasa da 1000 gwargwadon wanda aka fara sakawa. Shi ya sa idan mutum ya leƙa ɓangaren wata manhajar Linux daga cikin wata, yakan ga sunayen da ba su da alaƙa da fayilolin da ke gabansu. Abin da ya fi dacewa da su shi ne a ƙyale su.

Windows da nasa salon

Duk abin da aka faɗa ya shafi faifan da aka tsara da ext4 da 'yan uwansa na Linux. Windows yana amfani da NTFS, wanda ya zo tare da Windows NT a 1993, kuma shi ma lamba yake rubutawa, sai dai doguwa ce, ana ce mata SID. Takan fara da S-1-5-21, sai rukunin lambobi uku masu tsawo waɗanda aka ƙirƙira wa wannan Windows ɗin shi kaɗai ranar da aka saka shi, sai lambar asusu a ƙarshe, misali 1001. Wanda ƙarshensa 500 ne shi ne asusun Administrator na asali.

Wannan yana da sakamakon da masu gyaran kwamfuta suka saba gani. Idan aka goge Windows aka sake saka shi, lambobin tsakiyar nan sabbi ne. Ko da mutum ya buɗe asusu da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, a idon NTFS wani mutum ne dabam. Tsofaffin fayilolinsa za su nuna asusun da ba a sani ba, da doguwar lamba a gefensa. Idan ya nemi shiga tsohuwar foldarsa ta Users, Windows zai ce ba shi da izini, ya ba shi maɓallin ci gaba. Danna wannan maɓalli ba leƙe ba ne kawai, domin yana ƙara sabon asusun a jerin izinin foldar na dindindin. A kan tsohon faifan da ba za a sake tayar da Windows daga gare shi ba, babu laifi.

FAT32 da exFAT, waɗanda yawancin filash da katin ajiya na waya ke zuwa da su, ba su da gurbin rubuta mai fayil ko kaɗan. Abin da ya sa ke nan filash ke yawo daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan ba tare da wata kwamfuta ta tambayi izini ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. ExFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, ba shi da wannan ƙunci.

To yaya Linux ke yi idan ya haɗu da faifan da babu UID a jikinsa? Aron mai shi yake yi. A lokacin da ake jona faifan, sai a ayyana cewa duk abin da ke ciki na lamba kaza ne, kuma wannan ayyanawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta take, ba a faifai ba. Idan mutum ya danna faifan daga mai nuna fayiloli, ana jona shi da sunan wanda ke zaune a lokacin. Gobe wani ya shiga da nasa asusun ya danna, komai ya koma nasa. Idan kuwa an rubuta faifan a /etc/fstab don ya riƙa jonuwa da kansa tun daga kunnawa, kuma ba a faɗi mai shi ba, sai ya faɗa hannun root. A kan FAT32 da exFAT wannan yakan hana mai kwamfuta rubutu. A kan NTFS kuwa, direban ntfs-3g yakan nuna root amma ya bar ƙofa a buɗe ga kowa.

A nan ne mutane ke ɓata lokaci suna maimaita umarnin chown, wanda ake canza mai fayil da shi, suna mamakin ba ya ci. Ba zai ci ba, don babu inda zai rubuta. Maganin yana cikin layin fstab, inda za a ƙara uid=1000,gid=1000,umask=022 a gurbin zaɓuɓɓuka. Duka direbobin NTFS biyu da ake amfani da su sun san waɗannan zaɓuɓɓuka: ntfs-3g, wanda ya kankama a 2007, da ntfs3 na kamfanin Paragon, wanda ya shiga Linux 5.15 a 2021. Ga mai son mallaka ta gaske a kan NTFS, ntfs-3g yana da fayil mai suna UserMapping da ke haɗa kowace SID da UID, amma mai kwamfutar gida da wuya ya buƙace shi.

Akwai wata cuta mai kama da wannan da ba ita ba ce. Tun daga Windows 8, a 2012, kashe kwamfuta ba ya nufin Windows ya tattara komai nasa. Tsarin Fast Startup yana ajiye wani sashe na aikinsa a faifai don ya tashi da sauri, ya bar ɓangarorin NTFS tamkar ana kan amfani da su. Linux idan ya ga haka yakan jona ɓangaren don karatu kawai, ko ya ƙi jona shi, gudun kada ya lalata bayanai. Sunan mai fayil daidai yake, izini daidai yake, amma rubutu ya gagara. Ana warware shi daga Windows: a kashe Fast Startup a saitin wuta, ko a riƙe maɓallin Shift yayin danna kashewa, ko a rubuta powercfg /h off a tagar umarni ta mai iko. Na ƙarshen yana kashe dogon barcin kwamfuta gaba ɗaya, don haka mai laftof ya yi tunani kafin ya zaɓe shi.

Inda mallakar ke canzawa da gaske

Wani lokaci lambar da ke jikin fayil ɗin ce ta canza, kuma kusan kullum akwai hannun sudo a ciki, wato umarnin da ke ba mutum ikon root. Wanda ya kwafi folda da sudo cp, kwafin na root ne, tunda root ne ya ƙirƙire shi. Umarnin sudo cp -a ne ke riƙe mai shi na asali. Wanda ya yi wa sabon ɓangare fomatin da ext4 zai tarar babbar foldarsa ta root ce, sai an miƙa masa ita. Wanda ya buɗe manhaja mai taga da sudo na iya barin fayilolin root a cikin gidansa na /home. Sanannen misali shi ne .Xauthority: idan ya koma hannun root, mutum zai sa kalmar sirrinsa daidai, allo ya yi duhu na ɗan lokaci, ya dawo da shi wurin shiga, haka zai yi ta zagaye.

Masu yin kwafin ajiya suna da nasu tarko. Umarnin tar da na rsync, idan root ne ke gudanar da su, suna ƙoƙarin daidaita mallaka ta suna. Idan aka yi kwafin wata manhaja a yau, aka mayar da shi gobe daga cikin wata manhajar ko daga filash na tayar da kwamfuta, za a fassara sunayen da rajistar da ke aiki a lokacin, lambobin asusun bayan fage su gurɓace. An tanadi --numeric-owner a tar da --numeric-ids a rsync don a ce musu su bi lamba su bar suna.

Mafi munin canji kuwa shi ne wanda ake yi da sunan gyara. Mutum ya gaji da ganin kwaɗo, ya samo umarnin chown -R a intanet, ya ɗora shi a kan dukkan ɓangaren ɗaya manhajar, ko ma a kan / gaba ɗaya. Harafin R yana nufin a bi kowace folda har ƙasa. Cikin daƙiƙoƙi dubban fayilolin tsarin sun bar hannun masu su. Shi kansa /usr/bin/sudo dole ya kasance na root, da wata alama ta musamman da ake kira setuid, wadda chown ke gogewa. Da ya rasa su sai ya daina aiki, an rasa abin gyaran ke nan. Umarnin ba shi da hanyar janyewa, kuma sau da yawa sake saka manhajar ya fi sauƙi. Umarnin chmod 777, da wasu ke bayarwa kamar maganin kowace cuta, shi ma ba gyara ba ne: cire ƙofar ne don makulli ya ƙi buɗewa, kuma manhajoji irin su ssh suna ƙin aiki da fayilolin sirri da aka bari a buɗe haka. A ɓangaren Windows, takeown yana yin irin wannan ɓarna idan aka sake shi a kan foldar Windows, wadda tun daga Vista yawancin fayilolinta na asusun TrustedInstaller ne.

Gyara cikin natsuwa

Kafin a taɓa komai, tambayoyi uku ne. Wace lamba ce tawa a nan? Umarnin id zai faɗa, kuma a gudanar da shi a kowace manhaja a rubuta amsar a takarda. Wace lamba ce a jikin fayil? Umarnin ls -n zai nuna. Wane irin faifai ne, kuma ta yaya aka jona shi? Umarnin findmnt zai nuna ko ext4 ne ko NTFS, da ko akwai ro a zaɓuɓɓukansa, wato karatu kawai. Amsoshin nan uku sukan isa a gane ko saɓanin lamba ne, ko aron mai shi, ko Fast Startup.

Idan saɓanin lamba ne, maganin da ke ɗorewa shi ne mutum ɗaya ya riƙe lamba ɗaya a ko'ina. Umarnin usermod -u yana canza lambar asusu, groupmod -g ta rukuni, amma sai mai asusun ya fita, an yi aikin daga wani asusun, kuma lambar da ake so ba ta hannun kowa. A misalin makarantar nan, sai an fara matsar da ɗayansu zuwa lambar wucin gadi kafin a musanya. Umarnin usermod yana gyara fayilolin da ke cikin gidan mai asusun da kansa. Na waje kuwa sai a nemo su ɗaya bayan ɗaya ta lamba:

find /mnt/ajiya -uid 500 -exec chown -h 1000 {} +

Bambancin wannan da chown -R shi ne yana taɓa fayilolin tsohuwar lambar kaɗai. Mai hankali yakan fara gudanar da rabin farko, find /mnt/ajiya -uid 500, ya karanta jerin da idonsa, sannan ya ƙara sauran.

Inda mutane da yawa ke tarayya a folda ɗaya, rukuni ya fi. A buɗe rukuni da lamba iri ɗaya a kowace manhaja, a ce 2000, a sa kowa ciki, a ba shi foldar da izinin rubutu, a ɗora mata chmod g+s don duk sabon fayil ya gaji rukunin. A Mac akwai gajeriyar hanya ga faifan waje: a tagar bayanin faifan akwai akwatin da ke sa a yi watsi da mallaka. Linux ma tun siga ta 5.12, a 2021, yana iya fassara lambobi a lokacin jonawa ba tare da taɓa faifai ba, ko da yake wannan ya fi amfani ga masu kula da manyan kwamfutoci.

Wani abu da ya kamata a sani, musamman ga mai kai laftof wurin gyara: mallaka da izini suna aiki ne muddin manhajar da ke gudana ta yarda ta mutunta su. Duk wanda ya tayar da kwamfutar daga filash ɗinsa shi ne root, kuma zai karanta komai a ext4 da NTFS ba tare da kalmar sirrin kowa ba. Abin da ke tsare sirri shi ne kulle faifai da BitLocker a Windows, LUKS a Linux, FileVault a Mac. Haka kuma Windows ba ya gane ext4 da kansa. Idan aka soka masa filash mai ext4 yakan yi tayin yi masa fomatin, kuma amsa wannan tayi goge komai ne.

Aikin aji

Ɗalibai su rabu biyu-biyu, kowane rukuni da filash wanda babu komai mai amfani a cikinsa, da kwamfuta mai Linux da aka buɗe wa asusu biyu. A yi wa filash ɗin fomatin da ext4, a miƙa babbar foldarsa ga asusun farko, ya ƙirƙiri fayil. A fita, a shiga da asusu na biyu, a gwada gyara fayil ɗin, a rubuta abin da id da ls -n suka nuna. Sannan a sake fomatin da exFAT a maimaita duk matakan, ana cire filash ɗin a sake soka shi bayan kowace shiga. Kowane rukuni zai kawo lambobin da ya samu a gwaji biyun, ya bayyana wa aji a wane gwaji ne lambar ta fito daga faifai, a wanne ne kuma manhajar ta ara ta.